Daga Gidan Makaɗi Zuwa Makarantar Mako Guda: Tarihin Koyon Kiɗan Tsirkiya a Duwatsun Amurka

A gabashin ƙasar Amurka akwai wani jerin duwatsu da ake kira Afalashiya, wanda ya miƙe tun daga jihar Alabama a kudu har cikin ƙasar Kanada. A ƙauyukan da ke kudancin waɗannan duwatsu ne aka raini wani tsohon kiɗa na tsirkiya, wanda ginshiƙansa biyu ne: goge irin na Turawa, mai tsirkiya huɗu, da kuma banjo, mai tsirkiya biyar. A yau da yawa daga cikin masu koyon wannan kiɗa ba su gaje shi ba. Kuɗi suke biya su je wata makaranta su kwana bakwai, su ci su sha tare da malamansu. Tambayar da wannan maƙala za ta bi ita ce, yaya aka yi sana'ar da ake koya a gindin uba ta koma ta makarantar kwana, kuma me aka samu, me aka rasa?

Asalin Kayan Kiɗan

Goge ya shigo duwatsun ne a ƙarni na 18 tare da baƙin da suka yi ƙaura daga Ingila da Sukotland da arewacin Ailan da Jamus. Banjo kuwa hanyarsa daban. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karibiyan, da ƙoƙon duma da fata da sanda. Wani likita Bature mai suna Hans Sloane ya gan shi a Jamaika, ya kuma buga zanensa a littafinsa na shekarar 1707. Shi ma Thomas Jefferson, wanda ya zama shugaban Amurka na uku, ya rubuta cewa daga Afirka bayi suka zo da shi.

Mai karatu da ya san gurmi da molo da garaya ba zai sha wuyar gane dangin ba, domin duk gida ɗaya ne: kwano mai rufin fata, da sanda, da tsirkiya. Amma wanda masana suka fi dangantawa da banjo shi ne akontin na kabilar Jola ta Senegal da Gambiya. Dalili kuwa shi ne yadda ake kaɗa su. Makaɗi yakan bugi doguwar tsirkiya da bayan farce, ya sauko da hannu ƙasa, sannan babban yatsa ya tsinci wata gajeriyar tsirkiya da ke sama. Haka tsofaffin duwatsun Afalashiya suke kaɗa banjo har yau.

Daga baya Turawa suka karɓi banjo daga hannun bayi. Joel Sweeney na jihar Bajiniya, wanda ya koya daga wurinsu, yana cikin waɗanda suka fara hawa dandali da shi, a irin wasannin nan da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya. Da kamfanonin faifai suka zo a shekarun 1920, sai suka raba kasuwa gida biyu, faifan baƙaƙe daban, na Turawan ƙauye daban, suka jefa goge da banjo a ɓangaren Turawa. Sannu a hankali har jikokin masu abin suka manta nasu ne.

Yadda Ake Koyo a Da

Kamar dai yadda yake a ƙasar Hausa, inda yaron makaɗi ke tashi yana ɗaukar kaya, yana amshi, kafin a ba shi ya taɓa, haka abin yake a can. Babu takarda, babu darasi. Yaro yana zaune a gefe ana kiɗa a barandar gida bayan an taso daga gona, ko a wurin rawar dare, kunnensa na ɗauka. Saboda haka kowane kwari yana da nasa hannun, kowane gida yana da yadda yake ɗaure tsirkiyarsa. Rediyo da faifai da ƙaurar matasa zuwa birane don neman aiki su suka tsinka wannan igiya.

Makarantun Kwana

A tsakanin 1916 da 1918 wani Bature ɗan Ingila, Cecil Sharp, tare da Maud Karpeles, suka zagaya duwatsun suka rubuta waƙoƙi da karin sauti fiye da 1,600. Abin da suka zo nema shi ne tsofaffin waƙoƙin Ingila da suka tsira a bakin mutanen ƙauye, don haka ba su damu da banjo ko baƙaƙen fata ba. Wadda ta jawo hankalin Sharp zuwa yankin ita ce Olive Dame Campbell. Bayan rasuwar mijinta a 1919 ta tafi Danmak ta ga makarantun manoma na can, inda manya ke zama tare suna koyo ba jarrabawa. A 1925 ita da Marguerite Butler suka kafa irinta a ƙauyen Brasstown na Karolina ta Arewa, suka raɗa mata sunan mijin nata, John C. Campbell. Nan aka aza harsashin ra'ayin cewa ana iya koyon al'ada ta hanyar kwana wuri ɗaya.

Amma abin da ya hura wa ra'ayin wuta shi ne matasan birane na shekarun 1960 da 1970, waɗanda suka shiga duwatsu neman tsofaffi. Wanda ya fi shahara cikin tsofaffin shi ne Tommy Jarrell, da aka haifa a 1901. Tuƙin motar gyaran hanya ya yi har ya yi ritaya, sannan ya koma wa gogensa. Gidansa da ke kusa da garin Mount Airy ya zama masaukin baƙi: a zo a kwana, a ci tuwon gidan, a zauna gaban tsoho ana kallon yatsunsa. Ya rasu a 1985.

Gida ɗaya ba zai ɗauki kowa ba, tsofaffi kuma suna ƙarewa. Wannan ne ya sa aka mayar da abin tsari. A 1973 aka fara bitar Augusta a garin Elkins na Bajiniya ta Yamma, inda irin su Melvin Wine, tsohon mahaƙin kwal da ya gaji goge daga mahaifinsa, suka zauna gaban ɗalibai. A 1991 kwalejin Warren Wilson ta Karolina ta Arewa ta buɗe nata taron na Swannanoa. Tsarin kusan ɗaya ne. Da safe malami ya kaɗa gaɓa ɗaya a hankali, ɗalibai su maimaita da kunne har ta zauna. Da rana a kawo dattijo ya yi kiɗa ya ba da labarin wanda ya koya masa. Da dare a yi rawa, sannan a zauna da'ira-da'ira ana kiɗa har tsakar dare. Masu halarta da yawa sukan ce a zaman daren nan ne ake koyon na gaskiya, kuma shi ya sa kwanan ya zama dole.

Riba da Hasara

Ribar a fili take: ɗaruruwan kiɗe-kiɗe da za su bi masu su kabari suna hannun dubban mutane yanzu. Hasarar kuwa ita ce mako guda ba ya zama shekara ashirin. Ɗalibi yakan tafi da kiɗan, ya bar rayuwar da ta haife shi, kuma hannayen kwari daban-daban sukan narke su zama ɗaya. Sannan kuɗin shiga yakan tsame talakan da kakanninsa suka ƙirƙiri abin.

Babbar hasarar ma ta tarihi ce, kuma ba a fara gyara ta sosai ba sai da Dena Epstein ta fitar da littafinta a 1977, wanda ya tattaro hujjojin asalin banjo. A 2005 aka yi taron makaɗan banjo baƙar fata a garin Boone. Daga nan ne wasu matasa uku, cikinsu har da Rhiannon Giddens, suka riƙa zuwa gidan Joe Thompson, dattijo baƙar fata da aka haifa a 1918, wanda ya gaji goge daga iyayensa. Ƙungiyar da suka kafa ta ci kyautar Grammy a 2011, shekara guda kafin rasuwarsa. Abin lura a nan shi ne, taro ne ya haɗa su, amma a ɗakin tsoho suka koya.

Kammalawa

Hausawa na cewa, da tsohuwar zuma ake magani. Ya kamata mu marubuta mu tambayi kanmu: masu gurmi da garaya da molo da kukuma nawa suka rage a garuruwanmu, kuma wa ke zaune a gabansu? Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, faifansa na nan, amma faifai ba ya gyara wa yaro yatsa. Mutanen Afalashiya sun gina makarantunsu tun da sauran tsofaffi a raye, shi ya sa suka sami abin koyarwa. Wanda kuma bai rubuta tarihin kayan gidansu ba, wata rana a bakin baƙo zai ji shi, da sunan wani.