Suna Linzami: Tarihin Raɗa wa Dangin Tiriftamin Suna

Hausawa sun ce suna linzami ne. Mai magani a kasuwar Gusau ko ta Tsafe yakan kira tsiro da sunan da ya gada, wanda galibi siffar tsiron ko aikinsa ya jawo masa. Da irin wannan hanya masana sinadarai na Turai suka fara game da dangin tiriftamin, watau sinadaran da tushen gininsu ɗaya ne, kuma da yawansu kan juya hankalin ɗan'adam.

Sunayen farko daga mafarin abin aka ɗebo su. A 1864 Jobst da Hesse suka tace wani ɗan'uwan dangin daga waken Kalaba, suka kira shi fisostigmin; bayan shekara guda aka raɗa masa eserin a Faransa, daga kalmar Efik, esere. A 1901 aka fitar da ibogen daga itacen iboga na Gabon. Bufotenin kuwa sunan kwaɗo ya ci, domin a dafinsa aka same shi.

Wannan hanya ta haifar da ruɗani. Erspamer na Italiya ya sami wani sinadari a hanji, ya kira shi enteramin. A 1948 Rapport da Green da Page suka sami wani a jini a Amurka, suka ce serotonin. Sai a 1952 ta tabbata cewa abu guda ne.

Maganin wannan shi ne ƙa'idar da taron Janiba ya kafa a 1892, wadda ƙungiyar IUPAC ta gada bayan kafuwarta a 1919: suna ya bayyana ginin sinadari. Saboda haka serotonin ya zama 5-HT, lambar tana nuna gurbin da reshen haidroksil ya zauna. DMT, wanda Manske ya haɗa a 1931, tiriftamin ne mai rassan metil biyu. In aka ƙara masa haidroksil a gurbi na 5 ya zama bufotenin. A gurbi na 4, silosin.

Daɗa wannan ba wasan malamai ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 da suna ta jera abubuwan da ta taƙaita, har da DMT da silosin. Masu fataucin ƙwaya sukan sauya reshe ɗaya, su sami sabon sinadari wanda babu sunansa a jerin. Ashe jami'in hukumar NDLEA da magatakardan kotu a Bungudu, in ba su iya karanta sunan ba, linzamin ya kuɓuce musu.