Muryar Shata a Faifai da Kaset: Abin da Na'ura ta Adana da Abin da ta Bari

Gabatarwa

A shekarar 1877 aka haifi Alhassan Ɗantata a garin Bebeji. A cikin wannan shekara ce kuma wani Ba'amurke mai suna Thomas Edison ya ƙago na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a wancan zamani suna da makaɗansu da maroƙansu, amma galibin waƙoƙin nan sun bi masu su kushewa, domin na'urar ba ta iso gare su ba. Alhaji Mamman Shata yana cikin mawaƙan Hausa na farko waɗanda na'ura ta riska suna kan ganiyarsu. Manufar wannan lacca ita ce a duba yadda muryarsa ta shiga faifai da kaset, da yadda ta kai ga jama'ar kudancin Kano, sa'an nan a auna abin da aka adana da abin da ke shirin salwanta.

Shata da Sana'arsa

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Bai gāji kiɗa ba, hasali ma mahaifinsa bai so ya shiga wannan sana'a ba. Ya yi tallan goro da alewa, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, ya kuma shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu da 'yan amshi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ran 18 ga watan Yuni 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Abin lura game da fasaharsa shi ne, Shata ba ya rubuta waƙa, a fagen wasa yake shirya ta. Amshi yana nan yadda yake, amma ɗiyan waƙa sukan sāke gwargwadon wuri da mahalarta da abin da ya faru a ranar. Dalili ke nan da ya sa Bakandamiya, watau waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta, ta zo da fuskoki dabam-dabam. Saboda haka kowane ɗauka da aka yi masa shaida ce mai zaman kanta, wani ba ya maye gurbin wani.

Hanyoyin Ɗaukar Murya

Hanya ta farko ita ce ta kamfanonin faifai. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a kowane gefe, ga shi da saurin fashewa. Mawaƙin da ya saba kwana yana wasa, tilas ya datse waƙarsa ta yi daidai da faifai. Babban faifai, wanda aka fito da shi a Amurka a 1948, yana cin kamar minti ashirin a gefe guda, kuma irinsa kamfanin EMI ya buga wa Shata a Nijeriya.

Hanya ta biyu ita ce ta gidajen rediyo da talbijin. Rediyon da aka kawo Kano a 1944 na waya ne, watau sai inda aka ja waya aka kafa akwati ake jin sa, don haka amfaninsa ya tsaya ga mutanen birni. Al'amarin ya sāke bayan da aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962, a daidai lokacin da ƙaramin rediyo mai batir ya fara yaɗuwa. Gidajen nan sun naɗi waƙoƙin Shata masu ɗimbin yawa a kan tef, daga baya kuma talbijin ya haɗa da hotonsa.

Hanya ta uku ita ce kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Da rakoda ta yi araha, sai ɗaukar murya ya fita daga hannun kamfani da hukuma, ya koma hannun kowa. Mai biki yana iya ajiye rakoda a gaban makaɗa, mai shago a kasuwa yana iya kwafar kaset ɗaya ya zama ɗari.

Kudancin Kano

Ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ƙasa ce ta manoma, amma ba a gefe take ba. Hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa ta, daga Kwanar Dangora kuma wata ta ɓalle ta bi Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Jos. Akwai ma'adinan Riruwai a ƙasar Doguwa, sa'an nan aikin madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974, ya tara leburori da direbobi da ma'aikata daga wurare da dama. Shekarun nan su ne shekarun da rediyo da rakoda suka shiga ƙauyuka.

Sakamakon haka, manomin da bai taɓa ganin Shata ido da ido ba ya san muryarsa kamar ta maƙwabcinsa. Ya ji shi a shirin Zaɓi Sonka na rediyon Kaduna, ya ji shi a motar haya da teburin mai shayi da ranar kasuwa. Ta bakin Shata mutane da yawa suka riƙe labarin kumbon Apollo 11 da ya sauka a duniyar wata a 1969. A taƙaice, na'ura ta mai da mawaƙin fage ya zama mawaƙin ƙasa baki ɗaya.

Abin da Na'ura ta Bari

Sai dai na'ura murya kaɗai take riƙewa. Ba ta faɗin ranar da aka yi waƙa, ko garin, ko dalilin taron, ko sunayen makaɗa da 'yan amshi. A nan kwatanci da Amurka yana da amfani. Mawaƙiyar jaz Ella Fitzgerald, wadda ta rayu daga 1917 zuwa 1996, ita ma gwana ce wajen sāke waƙa nan take. Amma manazarta sun tsara jerin faya-fayanta, da ranar ɗauka da wurin da sunayen waɗanda suka yi mata kiɗa. Mafi yawan kaset ɗin Shata kuwa suna yawo ba kwanan wata, wani lokaci sunan waƙar ma mai shago ne ya raɗa. Da aka juye su zuwa wayar hannu da intanet, sai aka gāji wannan giɓi, aka kuma ƙara da guntule wasu.

Bugu da ƙari, abin da aka naɗa ɗin ma ba dawwamamme ba ne. Zafi da raɓa da ƙura suna cin tef. Gidajen watsa labarai da yawa a duniya, har da BBC, sun sha goge tsohon tef su naɗi sabon shiri a kai don tsimi. Gobarar da aka yi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka a 2008 ta cinye asalin faya-fayan mawaƙa masu yawa. In ƙasa mai wannan tanadi ta yi irin wannan hasara, ina ga kaset ɗin da ke cikin adaka a Kiru ko Doguwa?

An yi ƙoƙari ƙwarai a fannin nazari. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma sun fito da littafin Shata Ikon Allah a 2006. Aikin da ya rage shi ne na tattara muryar kanta wuri guda, da yi wa kowane ɗauka rajista.

Kammalawa

Waƙoƙin Shata cike suke da sunayen sarakuna da hakimai da 'yan kasuwa da direbobi da garuruwa, don haka taska ce ga mai nazarin tarihin Arewa. Amma suna ba ya amfanar da mai tarihi sai in an san mai shi. Waɗanda suka san mutanen nan su ne dattawan da suka yi samartaka a zamanin ginin Tiga, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata ɗalibin da ya je hutu Bebeji ko Tudun Wada ya nemi tsofaffin kaset, ya zauna da masu su, ya rubuta inda aka samo kowanne da abin da aka sani game da shi. Wajibi ne kuma ma'aikatan gidajen rediyo da na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, tare da Jami'ar Bayero, su juye tef ɗin da ke hannunsu, su ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Kaset ɗin da ya lalace, da dattijon da ya rasu, babu mai dawo da su. Allah ya ji ƙan Shata, ya gafarta masa.