Shekarar Gandu a Ƙasar Watari: Daga Zamanin Gyaɗa Zuwa Zamanin Dam

Gabatarwa

Kogin Watari yana arewa maso yamma da birnin Kano. Yana ratsa ƙasar Bagwai, ya gangara kudu maso gabas har ya faɗa kogin Calawa. Ƙasar da ke gaɓarsa tana cikin babban kewayen nan na Kano inda gona ke manne da gona, ba a kuma doguwar tafiya ba a ga gida ba. Tun a 1851 Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yaba albarkar ƙasar Kano. A 1965 kuma Mortimore da Wilson suka buga bincikensu a kan wannan kewaye, suka nuna cewa mafi yawan ƙasar ana nome ta kowace shekara ba tare da an bar ta saura ba.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi jigawa mai rairayi, wadda ke samun ruwan sama wata huɗu zuwa biyar kacal, ta ci gaba da ciyar da ɗimbin jama'a ba ta mutu ba? Wannan maƙala tana ganin amsar tana cikin yadda gidan gandu ya tsara shekararsa. Za a bi shekarar irin wannan gida kamar yadda take a tsakanin 1950 da 1972, sa'an nan a dubi abin da ya sauya ta.

Gidan Gandu

Gandu shi ne haɗin gwiwar uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, ko kuwa na wa da ƙannensa bayan rasuwar uba. Gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke ci. 'Yan gandu sukan yi wa babbar gona aiki daga safiya zuwa azahar a yawancin ranakun mako, da la'asar kuma kowa ya nufi gayaunarsa, watau 'yar gonar da aka yanka masa don amfanin kansa. Shi kuwa mai gandu, a wuyansa ci da sha suke, da kayan aiki, da harajin kowane baligi, da auren fari na ɗa, da ragon suna. Wannan yarjejeniya ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta, kuma kowace shekara sai an gwada ƙarfinta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi kusa da Kano, ta nuna cewa gandu ya fi ɗorewa a gidajen masu wadatar gona, domin ɗa ba ya zama ƙarƙashin uban da ya kasa ciyar da shi.

Bazara

Manomi yana da lissafi biyu. Na wata shi ke kawo azumi da salla, yana kuwa matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Na rana shi ke kawo bazara da damina da kaka da rani, shi ba ya motsi. Alal misali, azumin 1965 ya zo cikin Janairu, ga sanyi ga hatsi a rumbu. Na 1980 kuwa ya faɗo cikin Yuli da Agusta, mutane na sunkuye a kan fartanya.

A lissafin rana, shekarar gona da bazara take farawa, daga Maris zuwa Mayu. A lokacin ake sharar gona, a tara kututturan kara a ƙone. Babban aikin kuwa shi ne kai taki. Gonakin da ke daf da birni suna samun juji daga cikin ganuwa, amma irin su Watari masu nisa sun dogara ga abin da gida ya tara: kashin awaki da tumaki, da toka, da shara. Ana ɗura shi a mangala, jaki ya yi ta safara, a zuba tsibi-tsibi a gona. Mai hali yakan ba Bafillace dami don shanunsa su kwana a gonar. Itacen gawo ma yana taimakawa, da yake da damina yake kaɗe ganye, ba ya yi wa shuka inuwa. Mai gandu da ya yi sakaci da taki a bazara, da kaka zai ga sakamakonsa.

Damina

Wasu sukan yi binne, watau su shuka gero a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. Caca ce: in ruwan farko ya yi ƙarfi sun riga kowa, in kuwa yayyafi ya tsirar da iri sa'an nan fari ya biyo baya, sai a sake shuka. Da ruwan shuka ya sauka, yawanci a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, gida duka sai ya fita. Maza na sara da sungumi, yara na biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Gero da dawa ake fara sawa, daga baya a sa gyaɗa da wake a tsakanin kunyoyi. Hikimar wannan gauraye a fili take. Gero yana nuna cikin kimanin wata uku, dawa sai ta kai kaka, gyaɗa da wake kuma suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. In wani ya ƙi, wani ya yi.

Daga nan sai firi, da maimai, da huɗa. A nan ne yawan hannu ke da rana, gama ciyawa ba ta jiran kowa. Gidan da aiki ya fi ƙarfinsa sai ya kira gayya, ya dama fura da kunu, makaɗi na zuga samari. Dabbobi duk an ɗaure su a turke don kada su yi ɓarna, yara ke yanko musu ciyawa safe da yamma, kuma a gindin turken nan takin baɗi yake taruwa.

Lokacin marka, cikin Agusta, shi ne mafi tsanani a shekara. Aiki ya yi yawa, zazzaɓi ya yi yawa, rumbu kuma ya kai gindi. A nan ake sanin mai gandu na ƙwarai, wanda ya rufe rumbu guda tun kaka ya ƙi buɗe shi sai yanzu. Wanda bai yi haka ba, ko dai ya ci bashin hatsi da zai biya ninki da kaka, ko kuwa 'ya'yansa su bar gonarsa su tafi ƙwadago gonar wani. Ta haka talaucin bara ke haifar da na bana. Mata kan rufa asiri da tafasa da rama da zogale, har tumun farko ya shigo gida.

Kaka

Gero ake fara yanka cikin Satumba. Sai cirar gyaɗa cikin Oktoba, da roron wake, sa'an nan girbin dawa cikin Nuwamba. Ana ɗaure damma, a fitar da zakka dami ɗaya cikin goma, a jera sauran a rumbu. Ba abin da ake zubarwa. Harawa ta dabbobi ce, kara na danni da jinka da makamashi.

Gyaɗa ita ce kuɗin gida. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma fara cinikin gyaɗa gadan-gadan a 1912, shekarar manomin Kano ta ɗauru da kasuwar Turai. Daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanke farashi, manyan 'yan kasuwa masu lasisi irin su gidan Alhassan Ɗantata suna saye ta hannun yaransu, a kai Kano a jera dala. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sai dai a daidai lokacin da kuɗin ke shigowa dagaci da mai unguwa ke fitowa karɓar haraji. Abin da ya saura shi za a raba wa bashi da sutura da aure. In ɗa ya ga an shekara biyu ana ɗaga masa aure, to, a wannan lokaci ne maganar raba gandu ke tasowa.

Rani

Sau da yawa akan ɗauka cewa da an gama kaka manomi sai zaman inuwa. Shekarar gandu ta ƙaryata wannan. Bayan bukukuwan aure da dambe da kalankuwa, kowane namiji yana da sana'ar rani: saƙa, ko rini, ko ɗinki, ko jima, ko kai itace da hatsi kasuwannin Bichi da Badume a kan jaki. Masu fadama a gaɓar Watari suna ban ruwa da jigo, su noma albasa da barkono da tumatir. Samari kuwa sukan tafi cin rani Kano ko kurmi, yara su bi malami gabas. Tafiyar nan riba biyu gare ta: ana samo kuɗi, kuma kowane bakin da ya bar gida ya rage wa rumbu nauyi. Da haka hatsin da ba zai kai wata goma sha biyu ba yake kaiwa.

Matan gida, ko da suna kulle, su ne ba su da rani ba su da damina. Ban da sussuka da daka da girki, suna kaɗi da mazari, suna matsar man gyaɗa, suna tuyar ƙuli-ƙuli, suna yin daddawa da kalwar ɗorawa, 'yan mata na kai talla. Ribar tasu ce, da ita suke zubin adashi, su sayi kwanonin auren 'ya'ya, su sayi awaki. Ke nan yawancin takin da jaki ke kaiwa gonar gandu a bazara, daga turken awakin mata ya fito.

Sauyin Shekarar

Cikin shekara goma kacal wannan tsari ya girgiza. Farin 1972 da 1973, wanda dattawa suka kwatanta da yunwar Kakalaba ta 1914, ya wofintar da rumbuna. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin, dalar Kano ba ta sake tashi kamar da ba. Kuɗin man fetur ya ja samari birni, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗauke yara daga yankan ciyawa da safe. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talaka ya huta ƙwarai, amma ɗaya daga igiyoyin da suka ɗaure ɗa ga ubansa ta tsinke.

Babban sauyi ga wannan ƙasa shi ne dam ɗin Watari, wanda aka gina tsakanin 1977 da 1980, cikin jerin madatsun ruwa da aka soma tun zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwa ya ci gonakin wasu. Waɗanda kuwa magudanan suka ratsa ta gonakinsu sun sami damina ta biyu: shinkafa da masara da alkama da tumatir da albasa. Injin ban ruwa ya gaji jigo, takin zamani ya shigo, wake ya karɓi wani ɓangare na matsayin gyaɗa. Saurayin da ya sami fili ƙarƙashin dam yana iya yin aurensa da kuɗin tumatir, bai jira rumbun uba ba.

Kammalawa

An ga yadda kowane lokaci na shekarar gandu yake tallafar mai bi masa: turken damina ya ba da takin bazara, takin ya ba da damman kaka, cin rani kuma ya kai rumbu ga marka. Ƙasar Watari ta rayu ne da yawan hannu da kuma tsarin da ya haɗa hannuwan wuri ɗaya. Yanzu da gado ke daɗa tsattsaga gonaki, manyan gandaye kuma suna raguwa, ya kamata manazarta su dubi wanda ya gaji aikin tara taki da tsaron rumbu. Akwai kuma aikin gaggawa a kan masu nazarin harshe, watau tattara kalmomin wannan shekara, irin su gayauna da binne da firi da jigo, daga bakin dattawan da suka yi aikin da hannunsu.