Yadda Ostireliya Ta Koma Jera 'Yan Takara

A 1918, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Swan a Ostireliya, masu ra'ayin riƙau suka raba ƙuri'unsu, Edwin Corboy na jam'iyyar Leba ya lashe zaɓen da kusan sulusin ƙuri'u. Nan da nan gwamnatin Billy Hughes, ta ɓangaren masu ra'ayin riƙau, ta sauya doka: mai zaɓe ya jera 'yan takara 1, 2, 3, a cire na kashin baya, a miƙa ƙuri'unsa ga zaɓi na gaba, har wani ya haura rabi. Masu suka na cewa son kai ne ya haifi tsarin. Haka ne, amma wannan bai ɓata shi ba, domin rarrabuwar abokan hamayya ba amincewar jama'a ba ce. Har yau da shi ake zaɓen majalisar wakilan ƙasar.