Kalmomi 20,000: Abin Da Gasar 1933 Ta Bar Wa Sabon Marubuci

Duk matashin da ya ɗauki alƙalami, ko a Sabuwa yake ko Faskari ko Ƙanƙara, sai ya ci karo da wannan tambaya: shin in fara da gajeren labari ne, ko kuwa in faɗa wa littafi mai kashi ɗaya, biyu, uku? To, mai karatu, ba yau aka fara wannan tambaya ba. Tare da ita aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko.

A shekarar 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman masu ilimi su rubuta ƙagaggun labarai na kimanin kalmomi 20,000. Bahaushe ya san tatsuniya, ya san hikaya, malamai kuma sun saba da waƙa da wa'azi da tarihi, amma labari guda da za a ja har ya kai wannan tsawo baƙon abu ne. Daga gasar aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Abin lura shi ne yadda Imam ya ɓullo wa tsawon. A lokacin yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Idan ka duba Ruwan Bagaja da kyau, za ka ga tafiya ɗaya ce ta Alhaji Imam neman ruwan magani, amma kowane zango labari ne mai zaman kansa, yawanci karon batta da Malam Zurƙe. Wato ƙananan labarai ya jera, ya zura musu zare ɗaya kamar carbi. Ɓalewa kuwa wata hanya ya bi: rayuwar mutum ɗaya ya ɗauka tun daga ƙuruciya da bauta har girma, bai ratse ba.

Da aka kira Imam Zariya a 1936, bai ce tunda ya yi suna sai dogon labari ba. Gajerun labarai sama da 80 ya shirya a Magana Jari Ce, littafi uku, ya sa yawancinsu a bakin aku. Har yau yana cikin littattafan Hausa da ake karantawa a makarantu.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da marubuta suka fara buga littattafansu da kansu, musamman a Kano, sai aljihu ya zama ma'aunin tsawo. Marubuci kan fitar da kashi na ɗaya, kuɗin da ya samu ya buga na biyu. Dabarar ta raya kasuwa, amma ta koya wa wasu jan labari fiye da ƙarfinsa. Yau da rubutu ya koma WhatsApp da Wattpad, babu kuɗin takarda balle iyaka, shi ya sa muke ganin labarai masu shafi barkatai da aka watsar a tsakiyar hanya. A ɗaya ɓangaren kuma, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016 ta ƙayyade kalmomi 1,000 zuwa 1,500, kuma ta fito da sababbin marubuta da ba a san su ba.

Me wannan tarihi ke faɗa maka, ɗan'uwa? Tsawo ba shi ne daraja ba, kammalawa ce daraja. Wanda ya gama labari mai shafi biyar ya koyi farawa, ya koyi ƙullawa, ya koyi warwarewa. Wanda ya tsaya a shafi na ɗari kuwa farawa kawai ya koya. Saboda haka ka rubuta gajeru ka gama su, ka ba wani ya karanta. Ranar da ka ga mutum ɗaya yana ta dawowa cikin labaranka ya ƙi tafiya, kamar yadda Malam Zurƙe ya ƙi rabuwa da Alhaji Imam, to zaren carbinka ya samu. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya yi mana jagora.