Girma ta Hanyar Hidima: Daga Kusugu zuwa Babbar Ruga

A sura ta 10 ta Linjilar Markus, almajirai biyu, 'ya'yan Zabadi, sun nemi Yesu ya ba su kujerun dama da hagu a cikin ɗaukakarsa. Amsar da ya bayar ita ce tushen koyarwar Kirista game da girma: mai son ɗaukaka ya zama baran 'yan'uwansa. A Linjilar Yahaya kuma shi da kansa ya ɗaura zane ya wanke ƙafafun almajiransa.

Mutumin Daura ba zai ji wannan baƙon abu ba. Labarin kafuwar sarautarsa labarin hidima ne. Macijiya ta hana jama'a ruwan rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, wani baƙo, Bayajidda, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya je ya kashe ta, kowa ya sha. Sai dai akwai bambancin da bai kamata a yi masa kwaskwarima ba. Bayajidda ya yi aiki, aka saka masa da auren sarauniya Daurama. A koyarwar Linjila kuwa, hidimar kanta ita ce girman, ko da ba wanda ya buga wa mai ita tambari.

A ƙasarmu, wurin da aka fi gwada wannan koyarwa shi ne zangon kutare. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi. A shekarun 1930 ne aka damƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM kula da masu kuturta a Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga kusa da Katsina, lardin da Daura take ciki. Aikin ba na kwalliya ba ne. Kafin zuwan ƙwayar dapsone, allurar man wani icen ƙasar Indiya ake yi, mai zafi, ana maimaita ta mako bayan mako. Ga wankin gyambo kullum, ga naɗe dungun hannun da dangi ke ƙyamar haɗa kwano da shi. Da yawa daga masu wannan wanki ba Turawa ba ne, majinyatan ne da suka sami sauƙi aka koya musu aikin, kuma su tarihi ya fi mantawa.

Akwai suka mai nauyi, wadda littafin Shobana Shankar na 2014 ya taɓo: magani da wa'azi sun zo tare, marar lafiya kuwa ba shi da ƙarfin cewa a'a. Ban ga dalilin kauce wa wannan ba. Duk hidimar da aka mayar ƙugiya ta faɗi a ma'aunin Markus ɗin kansa, domin mai ita ya koma neman kujerar da aka hana 'ya'yan Zabadi. Amma sukar ba ta shafe gyambon da ya warke ba, kuma sarakunan Musulmi da suka ba da fili sun san abin da suka auna.

Ya kamata masu nazarin tarihin Daura da Katsina su nemi tsofaffin da suka yi jinya ko aiki a Babbar Ruga, su ɗauki bayaninsu tun suna raye.