Baƙaƙe Masu Ƙugiya: Daga Tafireta zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda kayan rubutu suka riƙa karɓar baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ko kuma suka kasa ɗaukarsu. Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin ƙugiya ce ta raba baki da baƙi, da kasa da ƙasa, da fada da faɗa. Mutumin Ƙaraye kuwa ba ya bukatar dogon bayani, tun da sunan garinsa ma da ƙ ya fara, amma a yawancin takardun hukuma Karaye ake rubutawa.

Zamanin Ɗab'i da Tafireta

Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, injunan da ke akwai na Turanci ne. Saboda haka marubutan farko suka riƙa nuna waɗannan sautuka da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko da waƙafi a gabansa, kamar yadda ake gani a ƙamusun Bargery na 1934. A ƙarshen shekarun 1930 ne ƙugiya ta zauna, a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya wadda Dokta Rupert East ya jagoranta, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta yaɗa ta ko'ina.

To, amma maɗaba'a daban, ofis daban. Akawu a gunduma da malamin firamare a ƙauye tafiretar Turanci suke da ita, sai su buga b da d da k, daga baya a bi da alƙalami ana ɗora ƙugiya. Tarurrukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun yi ƙoƙarin daidaita ƙa'idoji tsakanin ƙasashe, amma ba su sa wa akawu sabon inji a gabansa ba.

Zamanin Kwamfuta

Tsarin ASCII na 1963, wanda kwamfutoci suka ginu a kansa, gurbi 128 kawai ya tanada, babu ko ɗaya na Hausa. Dabarar da masana suka yi a shekarun 1990 ita ce ƙirƙiro zubin haruffa na musamman, irin su Rabi'at, inda ake aron gurbin wata alama a zana mata ƙugiya. Dabarar ta yi amfani ƙwarai wajen buga littattafai da kundayen digiri, sai dai tana da sharaɗi: dole mai karatu ya mallaki zubin da marubuci ya yi aiki da shi. In babu, sai alamar da aka ara ta bayyana, a ga qasa ko }asa maimakon ƙasa, xaya ko ]aya maimakon ɗaya. Da aka soma ɗora rubutu a intanet sai aibin ya fito fili, domin manhajar buɗe shafuka lambar harafi take karantawa, ba nufin marubuci ba.

Maganin ya zo daga tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Ta ƙ, alal misali, ita ce U+0199. Rubutun da aka yi bisa wannan tsari yana isa kowace na'ura da ƙugiyarsa, muddin zubin da ke cikinta yana da siffar harafin.

Kammalawa

Abin da ya rage shi ne gadon da dabarun baya suka bari. Kundayen ɗalibai da takardun makarantu da aka buga da tsohon zubi suna nan a kwamfutoci, wanda ya nemi Ƙaraye a cikinsu ba zai same ta ba. Shawarata ita ce kwalejojin ilmi su koya wa ɗalibai malamai buga ƙugiya bisa Unicode tun daga shekarar farko, kuma sassan Hausa su ɗauki nauyin juya tsofaffin kundaye zuwa sabon tsari tun injunan da ke iya buɗe su ba su mutu ba. Malamin da zai koyar a Rogo ko Ƙaraye, abin da ya saba bugawa shi zai koya wa yara.